Na'urar Ji Tana Kunne, Amma Kasuwa Ta Gagare Ka? Ga Abin Yi

Ka sayi na'urar ji, ko an ba ka ita a wani rabon tallafi. A ɗaki, kai da iyalinka, magana tana shiga tas. Amma da ka shiga kasuwar hatsi ta Dandume, ko ka zauna a sahun baya ranar Juma'a, ko ɗanka ya kira ka a waya daga Kaduna, sai komai ya dagule. Ga ƙara ta ko'ina, ga maganar ba ta fita. Daga nan ne mutane da yawa suke cire ta, su jefa a akwati, su ce ta jabu ce.

Yawanci lafiyarta ƙalau. Nisa da hayaniya ne suka fi ƙarfinta. Makirufonta yana bisa kunnenka, kuma ya fi aiki in mai magana bai wuce mita 2 daga gare ka ba. A fili, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin murya yana raguwa da desibel 6, alhali kukan babur da injin niƙa suna nan daram. Dabarar ita ce a kai makirufo kusa da bakin mai magana, a turo muryar kai tsaye cikin kunnenka. Akwai kayan da aka ƙera don wannan aiki, akwai kuma ƙanana masu araha da ke tsare na'urar daga ƙura da gumi. Ga yadda za ka bi su, kada kuɗinka ya tafi a banza.

1. San abin da ke kunnenka

Gobe da safe ɗauko na'urar da kwalinta, ka zauna inda akwai haske. Rubuta sunan kamfanin da lambar samfurin a takarda, ka kuma ɗauke su hoto. Phonak, Oticon, ReSound, Signia, Starkey, Widex, kowanne da nasa kayan haɗi, kuma yawanci makirufon wannan kamfani ba ya aiki da na'urar wancan. Wanda ya tafi sayayya babu wannan takarda, asara zai kwaso.

Sai ka nemi harafin T. Tsofaffin na'urori masu rataya a bayan kunne suna da ɗan makunni mai haruffa M, T da O. M shi ne ji na yau da kullum, O kashewa. T kuwa wata siririyar waya ce ta tagulla da aka nannaɗe a ciki, ana kiran ta telekoyil. A sababbin na'urori babu rubutu, sai mai saita na'urar ya buɗe maka ita a kwamfuta, ka riƙa danna maɓalli kana shiga. Tambaye shi kuma ko taka tana da Bluetooth.

In abin da ke hannunka irin wanda ake kasawa a tebur ne, babu gwajin kunne, dakata nan. Irin wannan yana ƙara wa komai ƙarfi, har da ƙarar da za ta iya ƙarasa kunnen. Je a gwada jinka tukuna. Daga Funtuwa, asibitin koyarwa na ABU da ke Shika yana kan hanyar Zariya, gaba da Giwa. Daga Malumfashi, hanyar Dayi da Gwarzo za ta kai ka Kano, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999. Ka nemi sashen kunne, hanci da maƙogwaro.

2. Zaɓi wuri ɗaya

Ina ne ka fi shan wahala? Waya, masallaci, kasuwa, aji, ko gaban rediyo? Zaɓi ɗaya, ka fara da shi. Kayan nan daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, ba a saya don marmari.

3. Kare na'urar kafin ka ƙara mata komai

Manomi yana wuni cikin gumi, damina ta zo da laima, hunturu ya zo da ƙura. Waɗannan ukun su ne ajalin na'urar ji a ƙasarmu. Abu na farko da za ka saya shi ne gwangwanin busarwa: ɗan mazubi mai murfi, da ƙwayoyin silika masu tsotse danshi, irin waɗanda ake gani a 'yar jaka cikin kwalin sabon takalmi. Kowane dare goge na'urar da busasshen ƙyalle, cire batir, buɗe ƙofarsa, sa ta ciki ka rufe. Ƙwayoyin da ke sauya launi sun fi, domin launin ne zai gaya maka sun ƙoshi da ruwa, lokacin canji ya yi.

Kada ka shanya ta a rana, kada ka ajiye ta kusa da murhu, kada ka binne ta cikin shinkafa. Garin shinkafa yana toshe ramin makirufo.

Na biyu, ɗan burushi da matatun dattin kunne. Da yawa cikin na'urorin da ake cewa sun mutu, toshewa suka yi. In taka mai tiyo ce da robar kunne, duba tiyon a haske. Ka ga ɗigon ruwa? Zare tiyon daga jikin na'urar, ka hura shi da 'yar robar hurawa. Bakinka danshi zai ƙara masa. Tiyon da ya ƙandare ko ya koma rawaya, a canja shi.

Na uku, igiya mai maƙali. Gefe ɗaya yana riƙe na'urar, ɗayan yana cizon wuyan riga. Mai hawa babur zuwa Bakori ko Kafur, mai sunkuyo yana noma, mai cire hula yana mayarwa, duk suna buƙatarta. Na'urar da ta faɗi cikin kunyar gona ba a cika samun ta ba.

Alwala kuma sau biyar ce a rana, ga shafar kunne. Cire na'urar kafin ka taɓa buta, sa ta a akwatinta, akwatin a aljihu. In ka gama, tsane kunnen sosai kafin ka mayar. Kada ka ɗora ta kan dakali ko katanga, nan ake manta ta.

Ke kuma, 'yar'uwa, shafa manki da turarenki tukuna, su bushe, sannan ki sa ta. In hijabi yana gogar makirufo kina jin kwaramniya, ko na'urar tana fito, sassauta shi ta wajen kunne, ko ki zaɓi yadi mai laushi. Haka rawani da hular da ta sauko kan kunne.

4. Batir

Launin takardar da ke manne a bayan batir shi ne lambarsa. Rawaya 10, ruwan ƙasa 312, ruwan lemo 13, shuɗi 675. Ƙaramin cikinsu, lamba 10, yakan yi kwana 3 zuwa 7. Lamba 13 yakan kai mako ɗaya zuwa biyu, 675 ya fi haka. In kana turo waya ko makirufo ta Bluetooth, kwanakin za su ragu, ka sa wannan a lissafi.

Da iska wannan batir yake aiki. Ɓare takardar, jira minti ɗaya, sannan ka sa. Da zarar ka ɓare, ya fara ƙarewa, ko ka mayar da takardar. Kada mai shago ya ba ka batirin agogo ko na tocila don girmansu ya zo ɗaya. Ba zai jima ba, kuma yana iya yoyo a ciki. Duk ranar da ka je Zariya, Kano ko Kaduna, sayo na wata biyu ko uku, duba ranar lalacewa, ka ajiye a inuwa.

In taka mai caji ce, yawancinsu suna cika cikin awa 3 zuwa 4, su wuni. Halin wuta kuwa ka san shi. Nemi fawa bank da ƙaramin faifan sola, ka tambayi mai saita na'urar ko cajarka tana karɓa. Fawa bank ɗin za ka riƙa kai wa mai cajin waya, na'urar ta zauna a gida.

Ɓoye batir daga yara, sabo da tsoho. In yaro ya haɗiye, ko ya cusa a hanci ko kunne, asibiti nan take. Kada a sa shi amai, kada a jira gari ya waye.

5. Waya

Gwada wannan yau, kyauta ne. In na'urarka mai rataya a bayan kunne ce, makirufonta yana sama. Ɗaga wayar ta zauna bisa saman kunnen, ka ɗan karkata ta. Mutane da yawa suna manna waya a ramin kunne, inda roba ta toshe.

In na'urar tana da Bluetooth, muryar mai kira za ta iya shiga kunnuwanka biyu kai tsaye, haka saƙon murya na WhatsApp. Sai dai a kula. Wayoyin iPhone sun fara haɗuwa da na'urorin ji tun 2014. Android ta samu nata tsarin, mai suna ASHA, daga Android 10 a 2019, amma ba kowace waya ce ke ɗauke da shi ba. Mafi yawanmu Tecno, Infinix da itel muke riƙewa, don haka tafi da wayarka, a haɗa a gabanka, a kira wani ka ji. Na'urorin Phonak tun daga samfurin Marvel na 2018 suna amfani da Bluetooth na gama-gari, shi ya sa suke haɗuwa da wayoyi iri-iri.

In sun ƙi haɗuwa, akwai 'yar na'urar tsakani da ake maƙalawa a riga, kamar ConnectClip na Oticon ko StreamLine Mic na Signia. Tana karɓa daga waya ta miƙa wa kunne. Ita ɗin dai tana kuma aikin makirufon nesa, wanda shi ne abu na gaba.

6. Makirufon nesa

In kuɗinka na abu ɗaya ne, ni dai wannan zan ce ka saya. Girmansa bai wuce akwatin ashana ba. Mai magana ya maƙala a rigarsa, kamar taƙi ɗaya ƙasa da baki, muryarsa ta zo maka ba tare da wata igiya ba, daga nisan mita 15 zuwa 20 in babu bango tsakani. ReSound suna da Multi Mic, Phonak suna da Roger da PartnerMic, sauran kamfanoni ma kowa da nasa.

A karatun zaure ko makarantar Islamiyya, gaishe da malam kafin a fara, ka ce: "Allah ya gafarta Malam, kunnena ya yi nauyi, in an yarda a maƙala wannan a riga." Ba a cika samun malamin da zai ƙi ba. In kunya ta hana ka, ajiye shi kusa da lasifika, ka rage ƙarfinsa. Amma kan rigar ya fi, domin a can amsa-kuwwar ɗaki ba ta shiga.

A mota ko kan babur, ba abokin tafiya ya maƙala. Kana kallon hanya kana jin sa, ba sai ka waiwaya ba.

A kasuwa, maƙala wa dillali ko yaron shagonka, ko ka riƙe a hannu ka nufi bakin mai ciniki. Juya wa hayaniya baya, domin yawancin na'urori sun fi ɗaukar abin da ke gabanka. Duk da haka kada ka yarda da kunne kaɗai a kan kuɗi. Ƙananan sautuka irin su s, sh, f, t da k su ne suke fara ɓacewa, shi ya sa bakwai da takwas suke rikicewa, haka hamsin da tamanin. Kafin a ɗora buhun masara ko waken suya a mota, danna farashin a kalkuletar waya, ka nuna masa, ya gyaɗa kai.

A taron ƙungiyar manoma ko zaman gida, ajiye shi tsakiyar tabarma ko tebur, a kan ƙyalle, a roƙi mutane su yi magana ɗaya bayan ɗaya. In taron ya yi yawa, a riƙa miƙa shi ga mai magana.

Akwai amana a nan. Wanda ya maƙala makirufo yakan manta da shi, ya fita waje ya shiga wata hira, ko ya zaga, kai kuma kana ji. Nuna masa maɓallin kashewa tun farko. In ya manta, kashe daga wajenka.

Mai iPhone da na'urar da ta dace da ita yana da wannan a aljihu: kunna Live Listen, ajiye wayar gaban mai magana, ta zama makirufo.

7. Harafin T da igiyar wuya

Yawancin na'urorin da ake rabawa a tallafi ba su da Bluetooth, amma da yawa cikin masu rataya a bayan kunne suna da T. Kada ka raina shi. Nemi igiyar wuya ta masu na'urar ji: zobe ne na waya da ake ratayawa kamar carbi, da kan da ake sokawa a ramin iyafis na rediyo ko waya. Juya na'urar zuwa T, sautin ya shigo tas, hayaniyar gida ta koma baya. Igiyar ba ta zaɓen kamfani, kuma T ba ya shan batir kamar Bluetooth. Akwai ma mai Bluetooth a jikinta, ga wanda wayarsa ba ta da rami.

In ka ji gurnani a T, duba kusa da kai. Janareto, taransifoma da wasu fitilu suna jawo shi. Matsa gefe.

Wannan fasaha ta igiyar wuya ce ake shimfiɗawa a ɗaki guda. A zagaye bango da waya, a haɗa ta da wata amfilifaya ta musamman, a jona da makirufon liman. Duk mai T da ke cikin zagayen zai ji huɗuba kamar a kunnensa ake yi. A Ingila za ka gan ta a coci-coci, bankuna da tagogin sayar da tikitin jirgin ƙasa, da alamar kunne da harafin T. Masallatan Juma'armu suna kashe kuɗi kan tayil, fanka da ƙarin lasifika, alhali dattawan sahun gaba da yawa ba sa fahimtar abin da ake faɗa, don ƙara lasifika ƙara amsa-kuwwa ne. In kana cikin kwamitin masallaci, kawo maganar. A nemi wanda ya san aikin, domin rodin da ke cikin kankare yana rage ƙarfin siginar, sai an auna. Ko sashe ɗaya aka yi wa, har da ɓangaren mata, an taimaki mutane.

Za ka ji ana maganar Auracast, sabon tsarin Bluetooth da aka sanar a 2022, wanda zai bar lasifikar wuri ta aika sauti ga na'urori da yawa lokaci guda. In sabuwa za ka saya, tambaya ko tana da shi, amma ka dage a ba ka mai T.

8. Rediyo da talabijin

Kada ka ƙure ƙarar rediyo har maƙwabta su san kana sauraron BBC Hausa. Soka igiyar wuya, ko ka ajiye makirufon nesa gaban lasifikar. Don kallon Arewa24 ko ƙwallo akwai akwatin da ake jonawa a bayan talabijin, ya aiko maka sautin, iyali kuma su saita nasu yadda suke so. Yana buƙatar wuta, kuma na kamfanin na'urarka kaɗai zai yi. In kana da makirufon nesa, fara gwada shi kafin ka sayi wannan.

9. In yaro ne

Ke uwa, wannan naki ne. Muna cikin yankin sanƙarau, kuma rashin ji yana cikin abin da yake bari, haka ƙyanda da ciwon kunne mai zubar da mugunya. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau a gwada jinsa da wuri, kada a jira a ga ko zai yi magana.

Yaro ba zai ce miki batir ya mutu ba. Sayi 'yar na'urar gwada batir da tiyon saurare, wanda za ki sa a kunnenki ki ji abin da na'urarsa ke fitarwa. Kowace safiya, kafin ya tafi makaranta, tsaya a bayansa ki furta sauti shida: mmm, uuu, aaa, iii, shhh, sss. Ya maimaita, ko ya ɗaga hannu. Ranar da ya kasa jin wanda ya saba ji, akwai abin dubawa.

Kunnen yaro yana girma, robar kunne ba ta girma. In ta fara fito, lokacin sabuwa ya yi. Ki kuma nemi a sa wa ƙofar batir makulli.

A aji mai cunkoso, tagogi a buɗe, makirufo a rigar malami ya fi kowane gyara. Je da kanki ki nuna wa malamin yadda ake kunnawa da kashewa, ki roƙi a zaunar da yaron a gaba, inda zai ga bakin malam. In jin ya yi ƙasa ƙwarai, makarantar kurame ta gwamnati tana nan Malumfashi. Koyon maganar hannu ba ya hana sa na'ura, yaron da ya samu biyun ya fi sakewa.

10. Gona da inji

Na'urar ji ba ta kare kunne. Awa 8 cikin ƙarar desibel 85 ita ce iyakar da masana suka sa wa ma'aikaci, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Ga ma'auni mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nisan hannu ya ji ka, ƙarar ta kai. Injin niƙa, injin casar masara, tarakta, injin gurzar auduga, janareto, duk suna nan. Cire na'urar, sa ta a akwati, ka rufe kunne da marufin kunne na ma'aikata. Jin da ya rage maka shi na'urar take aiki da shi.

Ranar feshin maganin ciyawa ko na ƙwari ma, bar ta a gida.

11. Dare

Da ka cire na'urar ka kwanta, ba ka jin ƙwanƙwasa ƙofa, ba ka jin kiran waya, ba ka jin kiran assalatu. A yankin da dare ba ya rasa fargaba, kamar ƙauyukan Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sa waya a jijjiga ƙarƙashin matashi, ko ka sayi agogon hannu mai jijjiga. Ajiye gwangwanin busarwa da tocila wuri ɗaya kullum, inda hannunka zai kai cikin duhu. Sannan ka ware mutum ɗaya a gida, da maƙwabci ɗaya, waɗanda suka san in wani abu ya taso, taɓa ka za su yi.

12. Ranar sayayya

Tafi da na'urar, da wayarka, da takardar gwajin jinka, da mutumin da ka fi yin magana da shi. A haɗa kayan a gabanka. Ya maƙala makirufon, ku fita bakin titi, ya yi nisa, ya juya maka baya, ya faɗi lambobi da sunayen mutane, kai kuma ka maimaita. Gwaji cikin ofis mai shiru ba zai nuna maka komai ba.

Tambayi wata nawa ne garanti, ina ake gyara, kuma za a karɓa in bai yi maka ba. Karɓi rasit. In ɗan'uwa ne zai aiko maka daga Legas, Abuja ko Saudiyya, tura masa hoton lambar samfurin, kada ya saya da ka. Na hannu kuma, a tabbatar batirinsa yana riƙe caji.

In jinka ya faɗi farat ɗaya, ko kunne ya fara ciwo, zubar ruwa ko jiri, cire na'urar daga wannan kunnen, kada ka ɗiga masa komai, ka nufi sashen kunne a ranar ko washegari. Faɗuwar ji ta farat ɗaya tana da magani a wasu lokuta, amma a kwanakin farko ne ake samun sa'arsa.